Jam ɗin fiya da maganar matar Yaya

Idan kaka ta yi a nan gundumar Lancaster ta jihar Pennsylvania, bakin hanya cika yake da rumfunan tuffa da kabewa da fiya. Fiyar Turawa nake nufi, mai dogon wuya da zaƙi, ba tamu mai ƙwallo ba. Da yawa daga masu rumfunan Amish ne, mutanen nan masu keken doki da tufafi marasa ado, waɗanda kakanninsu suka baro Suwizalan da Jamus tun ƙarni na 18 saboda tsangwamar addini. Ba sa jawo wutar lantarki gidajensu. Da na faɗa wa Hajiya a waya sai ta ce, "Ikon Allah! Mu muna kukan ba a kawo ba, su an kawo sun ce ba sa so." Ran Lahadi ba sa ciniki. Wasu rumfunan ma ba mai tsaro, akwati ne kawai, ka ɗauki kaya ka jefa kuɗi ka yi gaba.

A irin rumfunan nan na saba da wata dattijuwa. Ita ce ba ta taɓa yi wa hijabina kallo na biyu ba, don ita ma kanta a rufe yake. Tana sayar da wani jam mai duhu a ƙananan kwalabe, na shafa wa burodi, wanda ƙamshin kanumfarinsa ya sa na tsaya. Na tambaye ta yadda ake yi, ta zayyana min ba ɓoye-ɓoye.

Ana samun fiya irin wadda suke kira Bartlett, a bar ta a ɗaki har korenta ya koma ruwan ɗorawa, don a ɗanye ake tsinko ta. Kamar kilo 3 nake saya. A fere, a cire tsakiyar, a yanka, a zuba a tukunya mai kaurin gindi da kofi 1 na ruwan tuffa (na tabbatar ba mai sa maye ba ne kafin na saya). Idan ta yi luguf sai a marmashe ta, a zuba sukari kofi 2, kirfa cokalin shayi 1, kanumfari kaɗan, citta, da ruwan lemon tsami. Daga nan sai haƙuri. A rage wuta sosai, a bar tukunya a buɗe, ana juyawa da muciya awa uku ko huɗu har ta ƙafe zuwa rabi, ta yi ja mai duhu. In ka yi sakaci ta kama a gindi, ɗacin ƙauri ba ya fita. Kuma tana tartsatsi, har yanzu akwai tabonta a hannuna. Ana gane ta yi idan ka ɗiga a faranti ruwa bai tsatso a gefe ba. Sai a ɗura da zafinta a kwalabe masu tsabta, a rufe, a tafasa kwalaben cikin ruwa minti 10. Dattijuwar ta ce su a da a babbar tukunyar tagulla ake yi a waje, mata su wuni suna karɓa-karɓa da doguwar muciya. Ni kuwa ni kaɗai na yi a kicin ɗin bene na biyu, maigida yana wajen aiki.

Da ta fara duhu sai na tuna maɗin ɗinya da marigayiya Inna take yi mana a ƙauye can wajen Bichi, wuni guda a gaban murhu, mu muna jiran lasar muciya. Abin da ya sa ke nan na ƙudura sai Hajiya ta ɗanɗana. Da wani ɗan garinmu zai tafi gida, na naɗe kwalba uku cikin zannuwa na ba shi, har da biyan kuɗin nauyi.

Saƙo ya isa. Washegari matar Yaya ta turo murya a gurup ɗin gida, inda kowa yake, har surukai: "Anti Amurka, mun ga saƙo, an gode. Mu da muke jiran dala sai ga miyar kuka a kwalba." Aka bi ta da fuskokin dariya. Yaya bai ce uffan ba.

Wallahi maganar nan ta tsaya min a wuya. Watan da ya wuce wa ya biya kuɗin makarantar 'ya'yanta biyu? Wa ya sayi batirin sola da take cajin wayar da ta yi min ba'a da ita? Ba gori nake ba, Allah ya sani, amma su gani suke dala a bishiya take. Ba su san ina tashi da asuba cikin sanyin da ke fasa leɓe in tafi kula da tsofaffi, in dawo ƙafafuna a kumbure ba. Abu ɗaya na yi da hannuna, ba da katin banki ba, shi ne ya zama abin dariya. Alhali abokan aikina Turawa, da aka haife su suna cin abin nan, sun ce nawa bai da maraba da na kasuwar Central Market ta birnin Lancaster, wadda ake ci tun 1730. Ɗaya ma har ta ce in sayar mata.

Hajiya dai ta kira ni da daddare. Ta ce ta ci da burodi, ta ce kanumfarin ya ɗan yi yawa amma hannuna ya faɗa, kuma in rabu da yarinyar nan, bakinta ne haka. Kullum haka take cewa, tun ranar da aka kawo ta gidan. A cikin hirar ne ta saki baki cewa Yaya ya sayar da gonar Inna tun bara, wadda bishiyar ɗinyar take ciki. Wai don a gyara rufin shago. Ba wanda ya shawarce ni, ni da nake da gado a ciki kamar kowa. In ana neman kuɗin asibiti ni ce ta farko da ake kira, in ana yanke shawara sai a ce ai tana nesa, kada a tayar mata da hankali.

Ga bikin autarmu an sa shi watan Disamba, takarduna ba su fito ba balle in zo. An riga an turo min jerin kayan kicin da ake so in saya, har da firiza. Na ce wa autar ta bincika min ko akwai mai yin maɗi har yanzu a ƙauye, a sayo min ko gwangwani ɗaya ne a ba mai tahowa. Ta ce to Yaya, za ta je, amma sai na turo kuɗin mota.