Inda na kai a gyaran magudanar injin wankin gidanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon aikin famfo. Wata na biyar ke nan da fara bin maigidana wajen aiki duk Asabar da Lahadi, kuma wannan shi ne aikin farko da na ɗauka da kaina tun daga bincike har zuwa rufe rami. A cikin gidana abin ya faru, shi ya sa na samu damar tsayawa in lura da kyau.

Injin wankinmu mai ƙofa a gaba ne, yana lungun da ke kusa da banɗaki. Tiyonsa yana shiga wani fayif na roba da ke tsaye jikin bango, fayif ɗin ya nutsa ƙasa, ya bi ƙarƙashin daɓen tsakar gida ya faɗa camba, wato ƙaramin ramin nan mai murfi da ruwan datti ke bi kafin ya wuce sokawe. Tun kafin azumi uwargida take cewa ruwa na taruwa a bayan injin. Ranar da na tsaya na gani da idona, injin ya gama zagayen farko ya fara zubarwa, sai na ji fayif yana ƙugi kamar mai kurkure maƙogwaro, can sai ruwa mai launin toka ya taso ta bakinsa da kumfa, ya gangaro bango ya nufi ƙofar ɗakin yara. Muka tare shi da tsumma da tsintsiya.

Asabar ta farko injin na zarga. Na cire shi daga wuta, na buɗe ƙaramin murfin da ke ƙasa ta gaba, na tara faranti, na warware matatar famfonsa mai tura ruwa waje a hankali. Na ciro fil ɗin ɗankwali 2, maɓalli, ƙwallon dabino, da wani dunƙulen gashi da zare. Na wanke na mayar, ina ganin an gama. Da muka sake wanki sai ambaliyar ta fi ta da, domin famfon ya samu sarari yana tura ruwa da cikakken ƙarfinsa cikin hanyar da ba ta iya ɗauka. Daga nan na fahimci bambancin da ya kamata in fara da shi. Idan ruwa ya ƙi fita daga cikin injin, kaya suka zauna tsamo-tsamo, allon ya nuna alama irin OE a LG ko 5C a Samsung, to a duba matata, famfo, ko tiyon da ya lanƙwashe. Idan kuwa ruwan ya bar injin lafiya amma ya dawo ta bakin fayif, injin ya yi nasa, laifin yana cikin gini.

Wani abu da na yi a makon nan wanda ba na so ku maimaita: na naɗe bakin fayif da tiyon da tef har iska ba ta shiga, da nufin hana ruwa tasowa. Ruwan bai fasa neman hanya ba, sai ya ɓullo ta magudanar ƙasan banɗaki. Ban da haka, tiyon da aka toshe wa iska yana iya riƙa zuƙe ruwa daga cikin injin tun ana tsakiyar wanki, ko ya jawo na datti ya koma ciki. Dole a bar sarari tsakanin tiyo da fayif. Na kwance tef ɗin a daren.

Lahadi na yi gwajin da ya fi kowanne amfani, kuma ba ya cin ko sisi. Na zare tiyon, na sa mazurari a bakin fayif. Da na zuba ruwan buta a hankali, ya wuce sumul, kai ka ce babu wata matsala. Sai na kawo jarka na tuttula da sauri ina ƙirga abin da ya shiga kafin ya taso. Wajen lita 4 ya sha sannan ya cika. Fayif ɗin inci 1½ ne, kuma kowace mita ɗaya ta irinsa tana ɗaukar lita 1 da ɗan ɗoriya. Ke nan cikas ɗin ba a gwiwar farko yake ba, yana can kusan mita 3 zuwa 4 daga bakin fayif, a ƙarƙashin daɓe. Na tura yaro ya buɗe murfin camba ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Baba, ruwan na zuwa, amma siriri kamar na famfon da aka kusa ɗaukewa." Cambar kanta ba ta cika ba, don haka na cire sokawe daga lissafi. Ku riƙa fara duba wannan, domin in camba ta cika taf, duk abin da za ku yi wa fayif ɗin cikin gida wahalar banza ce.

Maƙwabcina ya ba ni shawarar in zuba sodar nan mai cin hannu in bar ta ta kwana. Na kira maigidana a waya na tambaye shi, ya ce, "Malam, maiƙo soda take narkarwa. Me kake zaton ke cikin fayif ɗin injin wanki?" Gaskiyarsa. Abin da ke fitowa daga tufafi zare ne da ƙasa, kuma yawancin yadin yanzu akwai roba a cikinsa, soda ba ta cinsa, balle yashi. Tana kuma yin zafi sosai in ta haɗu da ruwa, fayif ɗin PVC kuwa ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 ba. In ta tsaya a wurin da ya toshe, wanda zai zo ya yanka fayif daga baya shi za ta ƙona. Ya ƙara ja mini kunne kada in taɓa haɗa bilic da asid ɗin wanke masai, domin hayaƙin da ke tashi yana iya kai mutum asibiti.

Sai na aro wayar nan mai murɗi da ake kira sifirin. Na zura ta ta wajen camba, saboda ta nan hanyar ta fi miƙewa, ina turawa ina murɗawa. Bayan kamar taku biyu na ji ta shiga wani abu mai laushi. Da na janyo, ta fito da dunƙule mai kama da tsohon bargon da ya jiƙe, toka-toka, mai santsi da wari. Na matse shi a tafin hannu cikin leda, sai ga yashi yana ƙaras-ƙaras tsakanin yatsuna. Ƙurar hunturun da yara ke kwasowa a kayan makaranta ce ta taru, zare ya riƙe ta, sabulun da bai narke ba ya ɗaure su wuri guda. Na yi ta zura waya har sau 6, na bi da ruwa bokiti 3, hanya ta buɗe. Wanki ya tafi lafiya.

Kwana 16 ya yi, ƙugin ya dawo.

A nan ne na roƙi maigida ya zo. Bai taɓa komai ba da farko. Ya tsaya tsakar gida yana bin daɓen da ido, sannan ya taka wani wuri da siminti ya ɗan tsage ya lotsa, ya ce, "Nan ka ce wayarka ta tsaya?" Na ce nan ne, ranka ya daɗe. Ya ce, "To fayif ɗinka ya yi ciki. Ko ka tsefe shi sau goma zai koma." Na fasa daɓen da kurfi da guduma, na tone a hankali don kada in huda abin da nake nema. Ga fayif nan kwance a kan ɓaraguzan bulo da aka cike ramin da su lokacin gini, tsakiyarsa ya sunkuya ƙasa. Da muka yanka shi, ruwa ne kwance a cikin lotsawar, ƙasansa kuma laka ta kai rabin faɗinsa. Duk lokacin da injin ya gama zubarwa, ragowar ruwan sai ya tsaya a nan, abin da ke cikinsa ya kwanta, na gaba ya zo ya ɗora. Wayar da na zura rami kawai ta huda a cikin lakar.

Na tsaya na daɗe ina kallon wannan guntun fayif, domin a nan na ga abin da ake ta faɗa mana game da gangara. Ƙa'idar da aka saba da ita ga ƙananan fayif ita ce kwatar inci a kowace ƙafa, wato kusan santimita 2 a kowace mita. Tsawon namu mita 4 ne, saboda haka bakin da ke camba ya kamata ya yi ƙasa da na bango da santimita 8, kuma saukar ta tafi bai ɗaya, ba tudu ba kwari. Mun auna da farin tiyon nan mai ruwa da magina ke fitar da lebur da shi, muka kafa turaku biyu muka ja igiya. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne shimfiɗar ƙasan ramin. Na kwashe ɓaraguzan tas, na zuba yashi mai laushi, na yayyafa ruwa na daddaɓe, ina gwadawa da igiyar kowane taku. Maigida ya sa na sake wani ɓangare har sau biyu, kuma da gaskiyarsa, domin ina ɗora ƙafa yashin ya zauna.

Kayan a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano na sayo. Na bar inci 1½ na koma inci 2. A ido bambancin rabin inci ne kawai, amma ruwan da yake ɗauka ya kusa ninka na farkon, mita ɗaya tana ɗaukar kusan lita 2. Injin da ke da famfo yana watso ruwansa ne gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, ba kamar mai tukunya biyu ba wanda ake kwantar da tiyonsa a ƙasa ruwa ya gangara da kansa, don haka yana buƙatar hanya mai yalwa. A inda fayif ke juyawa ƙarƙashin ƙasa mun sa gwiwa mai digiri 45 guda 2 maimakon mai 90 guda ɗaya, ruwa ya fi wucewa, waya ma ta fi bi. A wajen bango muka bar baki mai murfin murɗawa, ta yadda nan gaba ba sai an fasa siminti ba.

Tsohon haɗin ba shi da tarko ko kaɗan, wato lanƙwasar fayif mai riƙe ɗan ruwa, ashe shi ne dalilin warin da ke tashi da dare da kyankyasan da ke fitowa a lungun. Yanzu mun sa a gindin fayif ɗin tsaye. Ruwan da ke zama a lanƙwasarsa shi ke tare iskar camba. Tsayin bakin fayif daga ƙasa na bar shi santimita 80, domin littafin injinmu ya ce tsakanin 60 da 100. Ku duba na injin da kuke aiki a kai, kada ku ɗauki nawa. Tiyon na zura shi kamar santimita 15, na ɗaure shi sako-sako da bango don kada ƙarfin ruwa ya fizgo shi.

Wajen gam na yi ɓarna ɗaya. Na shafa wa gwiwa na tura, kafin in daidaita fuskarta ya riga ya kama, ta kalli gefe. Sai da na yanke da zarto na ƙara soket, ɗan guntun da ke haɗa fayif biyu. Maigida ya ce, "Ɗan uwa, ka fara haɗawa a bushe, ka ja layi da biro a kan guda biyun, in ka shafa gam layin kawai za ka haɗa." Sauran haɗin duka haka na yi su, babu wanda ya karkace. Ban rufe ramin ba sai washegari, bayan mun yi wanki biyu ina tsugune ina shafa kowace mahaɗa da busasshen tsumma. A camba kuwa ruwan ya fito da ƙarfi ya cika baki, ya yanke lokaci guda, ba ya ɗiga a baya.

Mun kuma daina zuba garin sabulun wankin hannu a injin, domin kumfarsa ta yi yawa, kuma kumfa tana cika fayif ta rage wa ruwa gudu. Kayan ƙwallon yara da na gona ana kakkaɓe su a ɗauraye a baho kafin su shiga.

Yau mako 5 ke nan lungun a bushe yake. Na ɗaura ragar gidan sauro a bakin fayif ta cikin camba don in ga yawan zaren da ke fita, ina cire ta duk Juma'a, kuma kowane mako sai na samu kamar cikin cokali. Daɓen ban shafe shi da siminti ba tukuna, bulo na jera a kai, ina jira ruwan Agusta ya sauka in ga ko yashin zai zauna, in sake ja igiya in auna.