Godiya ga mutanen unguwar Zariya da duk wanda ya yi mana jaje

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa da abokan arziki na nan Maraɗi da na nesa, kira da saƙonni sun yi yawa har na kasa bin kowa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuto a nan. Labarin da kuka ji gaskiya ne, gobara ta tashi a gidanmu ranar Talata bayan la'asar. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba. Rumfar dabbobi ta ƙone ƙurmus da duk harawar da muka tara, madafa ta tafi, babur ɗin ƙanena ya tafi, rufin ɗakin Inna ya taɓu. Shi ƙanen nawa ya ƙone a hannu, amma yana samun sauƙi.

Sojojin kashe gobara sun ce alamu sun nuna daga bayan gida wutar ta faro, inda aka cinna wa shara wuta aka tafi, iskar hunturu ta ɗauko tartsatsi ta jefa kan zana. Ba na neman kowa, ba na zargin kowa. Abin da Allah Ya ƙaddara ya riga ya faru. Roƙona kawai, a wannan sanyi da komai ya bushe ƙayau, wanda zai ƙona shara ya tsaya a kanta har ta mutu.

Ina kasuwa aka kira ni. Kafin ɗan kabu-kabu ya sauke ni, mutanen unguwa sun riga sun yi aikin da ya tsare mana gida, don haka da su zan fara.

Iyayenmu mata, Allah Ya saka muku da Aljanna. Ba ku tsaya ɗaukar akwati ko katifa ba, yara kuka fara fitarwa, kuka ƙirga su a ƙofar gida, kuka sake ƙirgawa, sannan kuka riƙo Inna ta ƙaramar ƙofa. Duk ɗan Maraɗi ya san dalili. Tun gobarar makarantar nan ta watan Nuwamba na 2021, da ta ci yara fiye da 20 a azuzuwan zana, babu uwar da za ta ga hayaƙi a garin nan hankalinta bai fara zuwa kan yara ba. Allah Ya jiƙansu, Ya ƙara wa iyayensu haƙuri.

Malam mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, maƙwabcinmu, na gode. Tun kafin a watsa bokitin farko ya ruga ya kashe kuran daga kwanta, yana daka wa samari tsawa su dakata. Wayar da ke kai wuta rumfa ta riga ta narke tana lilo. Da an zuba mata ruwa a haka, da yau wani zancen ake yi.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne yaron nan ɗan ruwa-ruwa, mai sayar da man fetur a kwalabe, na bakin kwana. Mutane kan yi ƙorafi da masu sana'arsa, ni ma nakan yi, amma ranar shi ya fi kowa sanin halin mai. Ya fara kwashe kwalabensa ya kai nesa, ya dawo ya tarar babur ya kama, ana shirin sheƙa masa ruwa. Ya tare gaba yana cewa, "Don Allah Baba ku bari, yashi za a zuba!" Gaskiyarsa: man fetur ba ya haɗuwa da ruwa, hawa kansa yake yi, ruwan ya kwashe shi yana ci ya bi tsakar gida. Da shebur da kwanon sha suka binne babur ɗin da yashi har wutar ta mutu. Yaron ne kuma ya tambaya ko akwai tukunyar gas a madafa, aka fitar da ita tun ba ta yi zafi ba.

Baba mai unguwa ya sa samari suka yaye zanar da ke tsakaninmu da gidan gabas, mai gidan da kansa ya fara sa hannu. Zana sabuwa ce, bana ya saye ta. Alhaji, ban manta ba, kuma in sha Allah zan mayar. 'Yan ga-ruwa sun juye duk jarkokinsu, na bi su da kuɗi sun ƙi karɓar ko dala.

Sojojin kashe gobara, waɗanda muke kira 'yan pompiye, sun zo suka ƙarasa aikin, kuma ba su tafi ba sai da suka tone tarin harawar suka jiƙa ta har ƙasa, domin takan ci gaba da ci ta ciki ko an ga ta mutu a sama. Lambarsu 18 ce, kowa ya koya wa yaransa. Sai dai akwai maganar da ta zama dole in faɗa, ba don in ɓata wa kowa rai ba. Motarsu ta kasa shiga lungunmu saboda tarin yashi da bulo da aka jibge a hanya, sai daga bakin titi suka jawo tiyo. Lungun nan namu ne duka. Na roƙi Baba mai unguwa ya tara mu a kan wannan.

Ina godiya ga majo, ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu, da ta duba ƙunar hannun ƙanena. Da ta iso, wani ya kawo man goge baki, wata ta kawo ɗanyen ƙwai, kowa da kyakkyawar niyya. Ta hana. Ta sa hannun a ƙarƙashin ruwan famfo kimanin minti 20, ta zare masa zobe tun hannun bai kumbura ba, ta rufe da ƙyalle mai tsabta aka wuce asibiti. Can ma sun ce abin da ya dace ke nan.

Sai Baba liman da jama'ar masallaci, da 'yan layinmu na kasuwa da suka yi karo-karo, da wanda ya aiko buhun gero bai faɗi sunansa ba, da gidan da suka ba Inna ɗaki. Allah Ya kare ku da iyalanku daga irin wannan, Ya sa ku gama lafiya.

Ranar Juma'a bayan an sauko za mu yi 'yar sadaka da addu'a a ƙofar gida, kowa muna gayyatarsa. Akwai kuma bokitai da jarkoki da shebur biyu da aka bari a zaurenmu, masu su su aiko yara su ɗauka.