Satar kuɗin fansho: ana gardama a Abuja, tsofaffi suna kan layi

Shekara 35 kawuna ya yi yana aikin gwamnati, kuma duk shaidar wannan aiki tana cikin wata baƙar jaka da yake ajiyewa a ƙarƙashin katifa: takardar ɗaukarsa aiki wadda ta yi ja saboda daɗewa, da ta tabbatar da shi, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da ta ritaya. Ranar da na raka shi wajen tantancewa mun fita bayan sallar asuba, amma muka tarar tsofaffi sun riga mu, wasu a kan tabarma, wani kuma jikokinsa ne suka sauko da shi daga a-daidaita-sahu domin ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Da layi ya zo kan Kawu bayan azahar, sai na'ura ta ƙi karanta babban yatsansa, saboda tsufa da noman da ya koma yi sun shafe zanen fatar. Aka ce ya goga yatsan a goshinsa ya sake gwadawa, ya gwada har sau huɗu, daga ƙarshe aka ce ya dawo wani lokaci. Wata huɗu sunansa bai fito a jerin biya ba.

Dalilin da ake bayarwa na wannan tantancewa shi ne a kawar da 'yan fansho na bogi, kuma ba na musun cewa suna nan. Abin da ke damuna shi ne, duk wanda ya bi shari'o'in da aka yi a ƙasar nan ya san cewa sunayen bogi a ofis ake ƙirƙirarsu, a hannun masu riƙe da jerin sunaye da masu sa hannu a takardar biya, tare da sanin wasu ma'aikatan banki. Tsohon malamin makaranta ko masinja ba shi da hanyar da zai cusa suna ko guda ɗaya. Duk da haka shi ake kira ya zo ya tabbatar cewa yana raye.

A watan Janairun 2013 wata babbar kotu a Abuja ta yanke wa John Yakubu Yusuf, babban jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000, bayan ya amsa cewa da hannunsa a wawure sama da naira biliyan 20. Nan take ya biya tarar ya koma gida. Mutane suka fusata, har Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta dakatar da alƙalin, Mai Shari'a Abubakar Talba, na shekara guda. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida da tarar naira biliyan 22.9, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da shi a 2022, wato shekara tara bayan hukuncin farko. A cikin waɗannan shekaru tara, Allah kaɗai ya san yawan tsofaffin 'yan sandan da aka kai makwancinsu suna bin gwamnati bashi.

Amma shari'ar da ta fi nuna yadda siyasa ke haɗiye wannan magana ita ce ta Abdulrasheed Maina. A 2010 aka ba shi shugabancin kwamitin da aka kafa domin gyara harkar fansho da toshe kafofin sata, kuma ya sha faɗa cewa ya bankaɗo dubban sunayen bogi, ya ƙwato wa gwamnati maƙudan kuɗi. A 2012 Majalisar Dattawa ta buɗe bincike, zargi ya juyo kansa, ya ƙi amsa gayyata, majalisar a ƙarƙashin David Mark ta nemi a kama shi, a 2013 aka kore shi daga aiki, ya bar ƙasar. Wannan duka a zamanin Goodluck Jonathan da jam'iyyar PDP ya faru, kuma 'yan adawa na lokacin sun yi yaƙin neman zaɓe da shi sosai. Kwatsam a watan Oktoban 2017, a ƙarƙashin gwamnatin APC da ta hau mulki da alƙawarin yaƙi da cin hanci, sai aka wayi gari da labarin cewa an mayar da shi bakin aiki a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, har da ƙarin girma. Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin a sallame shi, sannan manyan jami'ai suka shiga nuna wa juna yatsa. Shugabar ma'aikata, Winifred Oyo-Ita, ta rubuta cewa ta yi gargaɗi tun da wuri, ministan shari'a Abubakar Malami kuwa ya amsa a gaban majalisa cewa ya taɓa ganawa da Maina a Dubai.

Na saurari muhawarar da ta biyo baya a rediyo kusan kullum, kuma abin da nake ji bai sauya ba. Sojojin bakan PDP suna cewa ga yaƙi da rashawar nan ya tonu, na APC suna cewa ai ɓarnar a zamanin waɗancan aka yi ta. Kowane ɓangare yana da gaskiya a abin da ya faɗa game da ɗan'uwansa, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa, kuma ba ta amfanar kowa sai masu yinta. Ban ji an tsaya an tambayi mutum nawa ne aka cire daga jerin biya bisa kuskure ba, ko wata nawa gwauruwar ma'aikaci take jira kafin a ba ta haƙƙin mijinta. A irin wannan muhawara ɗan fansho sanda ce kawai da ake ɗauka a doki abokin hamayya, a jingine ta idan zaɓe ya wuce.

An kama Maina a Abuja a 2019, aka ba da belinsa, Sanata Ali Ndume ya tsaya masa, sai Maina ya tsere, har kotu ta tura Ndume gidan yarin Kuje na 'yan kwanaki. A ƙarshen 2020 aka damƙe Maina a Jamhuriyar Nijar aka dawo da shi, kuma ranar 8 ga Nuwamba, 2021, Mai Shari'a Okon Abang ya yanke masa ɗaurin shekara takwas kan halasta kuɗin haram da suka haura naira biliyan 2.

Ba zan ce babu abin da aka gyara ba. Dokar fansho ta 2004 ta kawo tsarin adashi, inda kowane ma'aikaci yake da asusunsa, dokar 2014 kuma ta sa ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. An kuma kafa hukumar PTAD domin kula da waɗanda suka rage a tsohon tsari na tarayya. Sai dai a jihohi da dama ana cire kuɗin daga albashi ba a kai shi asusun, giratuti kuma yakan taru shekara da shekaru. Abin da ya fi ci mini rai shi ne fanshon tsofaffin gwamnoni, wanda majalisun jihohi suke amincewa da shi cikin gaggawa. A Zamfara sai da wasiƙar da tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta yana neman alawus ɗinsa na naira miliyan 10 a wata ta fito fili a 2019, sannan majalisar jihar ta soke dokar, a jihar da ƙananan ma'aikata suka daɗe suna jiran giratuti.

Abin da nake so in ga 'yan majalisa suna jayayya a kai shi ne yadda za a riƙa bin marasa lafiya gida a tantance su, da yadda za a hukunta jami'in da ya cire sunan mai rai, da kuma wallafa lissafin kuɗi da gidajen da aka ƙwato, a faɗi aljihun da suka shiga. Ranar da aka karanta hukuncin Maina a labaran yamma, Kawu ya rage muryar rediyo ya ce mini, "To, kuɗin da aka karɓo ɗin nan, a ciki za a biya mu bashinmu?" An mayar da sunansa jerin biya bayan mun koma sau biyu, amma kuɗin wata huɗun nan har yau yana binsu.