Daren da ruwa ya ci tantinmu

Sati 3 ke nan da dawowarmu daga sansanin 'yan mata na makaranta, amma har yau in na kwanta sai maganar yarinyar nan ta dawo mini: "Malama, nan fa kamar hanyar ruwa ce." Ni kuwa ko kallonta ban yi ba. Na ce, "Ke dai riƙe igiyar nan, ana duba mana lokaci."

Yara 8 aka ba ni, 'yan shekara 12 zuwa 14, kwana 3 a daji. Tsarin shi ne wanda aka saba, a raba yara ƙananan rukunoni kowanne da shugabarsa, irin wanda Baden-Powell, mutumin da ya kafa ƙungiyar Sikawut, ya gwada a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, kafin shi da ƙanwarsa Agnes su kafa ƙungiyar 'yan mata ta Girl Guides a 1910. Manufar ita ce yara su tafiyar da kansu, babba ya koma gefe ya sa ido. Na san wannan sarai, ni ce ma na koya musu a aji. Amma da aka ce akwai gasar kafa tanti, sai son a ce rukunina ne na ɗaya ya rufe mini ido.

Wurin da na zaɓa gwanin sha'awa. Shimfiɗaɗɗe, yashi mai laushi, bugu biyu turke ya shige, ga inuwar wata ƙatuwar bishiya. Sauran rukunoni suna can kan tudu suna fama da tsakuwa, guduma sai tsalle take yi a hannunsu. Har dariya na yi musu a zuci. Na damƙa duk igiyoyin ga manyan biyu da suka iya ƙulli, sauran 6 suka zama 'yan miƙo wannan, riƙe wancan. Muka gama kafin kowa, aka tafa mana.

Sauran darussa sun tafi daidai, ba sai na ja zance ba. Sun hura wuta da ashana ɗaya, sun bi taswira, sun gano da kansu cewa in ka kusanta kamfas da ƙarfe ko waya allurarsa ƙarya za ta yi maka. Da yamma ɗaya daga cikin gwanayen ƙullin nan ta yi targaɗe, aka kai ta ta kwana wajen nas. Ko a jikina.

Wajen ƙarfe 1 na daren kwana na biyu iska ta tashe ni. Na leƙa, gabas ta yi baƙi ƙirin. Na fara ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, tunda sauti na tafiyar kusan kilomita 1 a daƙiƙa 3. Na sami daƙiƙa 40. Kafin in gama tashin yara ruwa ya sauko, turakun da suka shige da bugu biyu suka fara fita ba ko bugu ɗaya. Jiƙaƙƙen yashi ba ya riƙe komai. Gwanar da ta rage ta rungume sandar tsakiya da ƙarfinta, ni ina waje ina mayar da turke, ina kiran wata ta tsuke igiyar baya. Yara 6 suka tsaya cirko-cirko da tocila a hannu. Babu wadda ta iya, don babu wadda na bari ta taɓa. Ba laifinsu ba ne, amma a lokacin tsawa na daka musu, kuma wannan ma yana cikin abin da ke damuna.

Sai ruwa ya shigo ta ƙarƙashi, ba ta sama ba. Takalma suka fara yawo a cikin tanti. Ƙirgata ta sauko 20, ga mu a gindin bishiya, wurin da aka fi hana mutum tsayawa in ana tsawa, tanti kuma ba ya kare kowa daga aradu. Shugabar sansani ta busa usur, kowa ya nufi ɗakin taro.

A bakin ƙofa na ƙirga yarana. 7. Na sake, 7. Gabana ya yanke ya faɗi, har na juya zan koma cikin ruwan. Yarinyar nan dai ta kama mini hannu, ta ce, "Malama, ai ɗayar tana wajen nas."

Sannan ta sauke wata babbar leda daga kafaɗarta. Ashe tun ranar farko, da ta ga ban saurare ta ba, kullum da dare sai ta cusa bargunan da ba a rufa da su da rigunan sanyi a leda, ta rataye a jikin sanda. Jiƙaƙƙen tufafi na zuƙe ɗumin jiki da sauri, yaran duk haƙoransu na haɗuwa. Da kayan nan suka canza. Ni malamarsu ko ashana busasshiya ban fito da ita ba.

Da gari ya waye na ce ta nuna mini abin da ta gani. Ta kai ni wurin. Ciyawar gefe duk ta kwanta fuska ɗaya. Busassun ganye da ƙirare sun taru a bayan kowane dutse, ta ɓangare guda. Shi kansa yashin da ya ruɗe ni ruwa ne ya kawo shi ya zube. Duk suna nan tun ranar farko, na taka su na wuce.

Shugabar sansani ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ƙanwata, gasar ai ta yara ce."

Muka kwashe zuwa tudu. Na zauna a kan dutse na harɗe hannu, abin da ya fi komai wuya a kwana ukun nan. Kowace yarinya sai da ta ɗaura igiya da hannunta, da ƙullin nan da ake tsukewa ko sassautawa ba tare da an kwance ba. Suka kafa turaku a karkace, kansu na kallon waje, ba a tsaye kamar nawa ba. Ya ɗauke su fiye da awa ɗaya, tantin ma ya ɗan karkata hagu.

In za ki kai yara sansani, kafin a sauke ko jaka ɗaya, ki zaga wurin tare da su, ki tambaye su ina ruwa zai bi in ya sauko. Ki fara da wadda ba ta cika magana ba. Kada ki yarda ƙulli ya zauna a hannun mutum biyu, ko da za ku zo na ƙarshe. Kuma ki rubuta a tafin hannunki wace ce ba ta tare da ke da dare, don ƙwaƙwalwa ba ta aiki in ruwa ya kai idon sawu.

Ranar rufewa aka miƙa mana takardar yabo ta gasar kafa tanti, na ɗaya. Yaran suka dube ni, na dube su. Wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka ɗauka. Takardar tana cikin jakata har yanzu, ban manna ta a bangon aji ba.