Wasan barewa a filin makaranta: yadda ake yinsa da inda yake ruɗi

Ɗalibi zai iya haddace cewa dabbobin daji suna yawaita su kuma ragu, amma bai cika gane dalili ba sai ya ga abin da idonsa. Wasan barewa, wanda shirin Project WILD na Amurka ya yaɗa, yana nuna hakan cikin minti 30.

A ajin mutum 40, a ware 10 su zama barewa, 30 su zama daji. A ja layi biyu a ƙasa, tazarar kamar mita 15, kowane ɓangare ya juya wa ɗaya baya. Kowa ya zaɓi alama guda: hannu a ciki abinci ne, hannu a baki ruwa, hannu biyu a ka mafaka. Da malami ya busa usur sai a juyo, kowace barewa ta ruga ta kamo mai alama irin tata. Wadda ta samu ta haihu ke nan, wanda ta kamo ya zama barewa. Wadda ta rasa ta mutu, ta koma layin daji. Kowane zagaye shekara ɗaya ce, a yi 15, ana rubuta adadin barewa kafin a sake busa usur. Idan aka bar rubutun sai ƙarshe, an yi tsere ne kawai, domin jadawalin da za a zana shi ne darasin.

A zagaye na uku ake ganin abin. Goma sukan koma kusan 20, sannan su haura 30. To idan barewa 33 ce daji 7, ko kowa ya yi sa'a ba za a wuce 14 ba. A nan ya kamata malami ya tsayar da wasa ya ce yara su ƙirga da kansu.

Babbar matsala ita ce maguɗi: yaro ya juyo, ya ga babu ruwa, sai ya sauke hannu zuwa ciki. Maganinsa murfin kwalba kala uku, kowace kala a madadin alama ɗaya, kowa ya dunƙule nasa tun kafin a juyo. Idan kuwa 'yan layin daji suka haɗa baki suka hana ruwa, kada a tsawata musu, fari suka yi. Kura kuma, wato ɗalibin da zai riƙa kama barewa, kada a shigo da ita sai bayan zagaye na goma, in ba haka ba yara za su ɗora mata laifin komai.

Inda wasan yake ruɗi shi ne, barewar da ta mutu nan take take zama ciyawa, don haka garke yakan farfaɗo da wuri. A zahiri ba haka ba ne. A tsibirin St. Matthew na Alaska an saki barewar ƙanƙara 29 a 1944, suka kai kusan 6,000 a 1963, suka cinye gansakukar da suke rayuwa a kanta, wadda take ɗaukar shekaru kafin ta tofo. A 1966 saura 42. Domin yara su ga irin wannan, a zagaye biyar na ƙarshe duk barewar da ta mutu ta zauna a gefe zagaye biyu kafin ta koma layin daji, sannan a kwatanta wutsiyar jadawalin da farkonsa.