Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Taura Biyu

Makon jiya na tsaya a ranar da na sa hannu a takardar shiga sojan ko-ta-kwana na Amurka, a 2013, shekara shida ana atisaye, biyu kuma sunanka na rubuce ko da za a neme ka. A daren na kira Baffa a Zariya. Ya bar ni na gama zubo bayani, wai Asabar da Lahadi ɗaya ce kacal a wata, sai mako biyu a shekara, sauran kwanakin ina wurin aikina. Sai ya ce, "Auta, taura biyu ba ta taunuwa." Na ce, "Baffa, ku dai ku sa albarka." Ya sa. Amma bai janye maganar ba.

Shi a wurinsa soja iri ɗaya ne: irin kakanmu da ya je yaƙin Bama, wato Burma, ya dawo da tari, ko kuratan da yake gani tun yana yaro suna gudu a bakin difo. Mutum ya kwana soja ranar Lahadi ya tashi farar hula ranar Litinin, wannan bai taɓa shiga kansa ba.

Horon farko ba shi ne matsala ba. Mako goma a barikin Fort Leonard Wood, sannan kwas ɗin tuƙin manyan motocin soja, duk na wuce su, kuma ba yabon kai ba, a gudun mil biyu yaran da na girma da shekara goma ƙurata suke sha. Matsalar tana siton da nake aiki, inda muke jera kwalayen magani, tana kuma bakin ogan sashenmu.

Mutumin nan bai taɓa zagina ba. Kalma ɗaya ce kawai. Duk sanda na miƙa masa jadawalin atisayen shekara, wanda nake kai masa watanni kafin lokaci, sai ya ɗaga takardar ya ce, "To, hutunka ya zo ke nan." Hutu! Ranar Asabar ƙarfe huɗu na asuba nake barin unguwar Bronx ta birnin New York, in bi babban titin New Jersey zuwa barikin Fort Dix don kada fareti ya wuce ni, in wuni ƙarƙashin mota ina duba mai da birki. Wannan ne hutun.

Akwai doka, ta 1994, ana kiranta USERRA. Wani saje ne ya zaunar da mu ya fayyace mana ita. Ba a korarka saboda atisaye, ba a hana ka ƙarin girma saboda shi, ba a tilasta maka ka biya kwanakin daga hutunka na shekara. Kuma in ka dawo, sai an ba ka lokacin isa gida da awa takwas na hutawa kafin a ce ka shiga aiki. Na san wannan sarai. Amma wata Lahadi oga ya sa sunana a aikin dare na ƙarfe goma sha ɗaya, ni kuwa bakwai ta wuce na iso. Na tafi. A cikin mota, a wurin ajiye motocin kamfani, na kwance igiyar but, na cusa kaki a jaka, na goge baƙin mai daga farcena da tsumman gilashi. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan daren. Da na ce a'a tun ranar, da bai mayar da abin al'ada ba.

Abin da dokar ba ta ce ba shi ne kamfani ya biya ka albashin waɗannan kwanakin. Wasu na biya don karamci, namu ba ya biya. Kuɗin soja na ƙaramin muƙami kuwa ba ya kai abin da nake samu da ƙarin awoyi, ga haya, ga na cefanen Inna duk wata. Sai ni da kaina, ba wanda ya tilasta ni, na riƙa ɗora hutuna na shekara a kan mako biyun nan don albashi ya fito cikakke. Haka hutun zuwa gida ya riƙa narkewa. Bana, baɗi, bana, baɗi.

Na tuna Babbar Sallar 2019, ranar Lahadi ta faɗo, daidai kan atisaye. Samanja ya ba ni awa biyu, amma ba masallacin da zan kai in dawo. Uwargida ta turo hoton yara cikin shadda. Amma wannan daga baya ne, na yi gaba.

A 2017 nake son tsayawa. Watan Yuni, cikin azumi, muna Fort McCoy a Wisconsin, inda azumi ke haura awa goma sha bakwai. Sahur ɗina abincin leda na soja ne, irin na halal da limamin soja ya nemo mana mu uku. Wayoyi na cikin jaka. Da daddare na kunna tawa na ga kiran Yaya har tara. An riga an kai Baffa tun la'asar. Rabona da ganinsa shekara biyar.

Na koma aiki ranar Litinin, oga ya ce, "Yaya hutu?" Bai sani ba, gaskiya, ban faɗa masa ba. Na ce lafiya. A watan ne aka ba wani yaro da ni na koya masa aikin sito muƙamin mai kula da layi, aka ce ana son wanda ake samu kullum. Doka ta hana, na sani, amma a baki aka faɗa, babu a takarda.

Yaya ya ce a kwanakinsa na ƙarshe Baffa na nuna wa masu dubiya hotona da kaki, yana cewa jikan na Bama ne. Bai yi maganar taura ba, in ji Yaya. Ni dai ban yarda ba, na san Baffa.

Mako mai zuwa zan faɗi yadda na rubuta takardar barin siton, da abin da uwargida ta ce da ta ga takardar sabunta kwantiragin soja a aljihuna.