Na kame bakina a taro, na kasa kame masoyana

Duk wanda ya taɓa riƙe kwamitin gini a ikilisiya ya san ranar karanta rahoton kuɗi ba ranar wasa ba ce. A tawa ranar, wani dattijo sa'an mahaifina ya miƙe ya ce lissafin bai cika ba, da irin muryar da kowa ya gane ɓarawo yake kirana. Kunnuwana suka yi zafi, takardar hannuna tana rawa. Na ce, "Baba, na ji. A naɗa masu bincike su duba." Na zauna. Da aka duba, ko sisi bai ɓata ba.

Mutane sun yaba mini, ni ma na yaba wa kaina. Ai Karin Magana 16:32 ta ce mai mallakar zuciyarsa ya fi wanda ya ci birni da yaƙi. Ashe jarrabawar tana jirana a bakin ƙofa.

Ina fitowa matasa suka kewaye ni, idanunsu jajir. Ɗaya ya ce, "Yaya, ka bar mana shi kawai." Ban ce su yi ba, ban kuma ce su bari ba. Na girgiza kai, na yi ajiyar zuciya, na wuce. Gaskiyar magana, fushinsu ya yi mini daɗi. Abin da na haɗiye a ciki, ga masu amayar da shi a madadina, hannuna kuwa tsaf.

Kafin gari ya waye sun cika zauren WhatsApp na ikilisiya da tonon asiri. Har bashin da dattijon ya ci shekarun baya sai da aka tono. Matarsa ta daina zuwa zumuntar mata, 'yarsa ta fice daga ƙungiyar mawaƙa. Wannan shirun nawa na bakin ƙofa ne ya jawo duka, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Fastonmu bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi in karanta 2 Sama'ila 16. Sarki Dawuda yana gudun ɗansa Absalom, wani mutum mai suna Shimai ya fito a garin Bahurim yana zaginsa, yana jifarsa da duwatsu. Abishai, ɗaya daga cikin jarumawan Dawuda, ya nemi izini ya je ya sare wa Shimai kai. Dawuda bai tsaya ga haƙuri da zagin ba, buɗe baki ya yi ya tsawata wa Abishai. Wannan Abishai ɗin ne a 1 Sama'ila 26 ya so ya soke Sarki Saul, mai farautar Dawuda, da mashi yana barci, nan ma Dawuda ya hana shi. Kowane shugaba yana da nasa Abishai: mai ƙaunarka da gaske, mai karanta fuskarka, da ya ga alama sai ya zare takobi.

Sai a nan na gane abin da ya sa Bulus, a Titus 1:7-8, ya sa kamun kai da rashin saurin fushi cikin sharuɗan shugaban ikilisiya. Fushin shugaba ba nasa ba ne shi kaɗai, mabiya suna ara. Galatiyawa 5:23 kuma ta lissafa kamun kai cikin 'ya'yan Ruhu. Wanda na yi a taro, rabinsa tsoron idon jama'a ne, shi ya sa bai raka ni ko bakin ƙofa ba.

Na je gidan dattijon na nemi gafara, ya karɓe ni hannu biyu-biyu. 'Yarsa dai ba ta dawo waƙa ba tukuna.

In aka ci mutuncinka kana shugabanci, kada ka bar wurin sai ka tara masoyanka ka gaya musu ɓaro-ɓaro: ba wanda zai rama mini, a baki ko a waya. Ka faɗa tun kafin su tambaya, ka kuma kira mai zafin cikinsu da suna.